NCE, digirin koyarwa ko digirin bayoloji zalla: wanne ya fi ga mai son koyar da bayoloji a sakandare a Kebbi?

Duk shekara in sakamakon JAMB ya fito sai ka ga yaranmu sun shiga ruɗani, wanda ya nemi likitanci maki bai kai ba, wadda ta so nas ba ta samu gurbi ba, sai wani kawu ya ce to ku tafi bayoloji mana ko koyarwa kun yi. Akwai kuma waɗanda tun asali koyarwar suke so, ba wai faɗuwa ta kai su ba. To ko wane iri ne kai, hanyoyin da za su kai ka gaban allo kana koyar da bayoloji a sakandare uku ne manya: ko ka yi NCE a kwalejin ilimi, ko ka yi digirin koyar da bayoloji wato B.Sc Ed, ko ka yi digirin bayoloji zalla daga baya ka ɗora PGDE a kai, wato difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri. Mutane na ɗauka duk ɗaya ne tunda ƙarshenta alli za ka riƙe, wallahi ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba ya fitowa sai ranar da anka zo ɗaukar aiki.

Abu na farko da ya kamata ƙanena ya sani kafin ya sayi fom ɗin komi shi ne bayoloji darasin babbar sakandare ne, SS1 zuwa SS3. A ƙaramar sakandare babu shi da sunansa, abin da ake yi can shi ne darasin kimiyya na haɗaka, wanda anka daɗe ana kira Basic Science, inda anka cakuɗa ɗan bayoloji da ɗan kemistiri da ɗan fiziks. Ita kuma NCE a tsarin ilimin ƙasa ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, kuma an tsara ta ne don ilimin tushe, daga faramare zuwa JSS3. Ma'ana a takarda mai NCE ba shi ne malamin bayolojin SS ba. A zahiri kuwa, je ka makarantun ƙauyukanmu ka gani, masu NCE da yawa su ke riƙe da SS1 har SS3 don babu wani, wasu ma sun fi masu digirin iya aikin nesa ba kusa ba. Amma riƙon ƙwarya ne, ranar da anka turo mai digiri, ko ɗan bautar ƙasa ma, firinsifal na iya mayar da kai JSS ba tare da ya yi maka laifin komi ba.

Duk da haka ban raina NCE ba, kuma duk wanda ya raina ta bai san halin da gidajenmu ke ciki ba. Shekara 3 ce. Makin shiga ya fi sauƙi, a 2025 mafi ƙarancin makin da JAMB ta tsayar wa kwalejojin ilimi 100 ne, na jami'o'i kuma 150, kuma wannan 150 ɗin ƙasa ce kawai, kowace jami'a na ɗaga nata. Ga kwalejin Adamu Augie nan Argungu kusa da gida, ga ta Shehu Shagari a Sakkwato, ga ta Maru a Zamfara, ga kuma ta tarayya da ke Gusau wadda ta mata ce zalla, abin da ke sa iyaye da yawa da ba za su bar ɗiyarsu ta tafi jami'a ba su yarda da ita. Yaro ɗan Argungu ko Augie ko Gulma na iya yin karatunsa yana leƙa gonar shinkafa in damina ta kama, kuɗin makaranta da na zama bai kai na jami'a ba. Kuma maganar Allah, wajen koya wa mutum yadda ake tsayuwa gaban aji, kwalejin ilimi ta fi kowa. Za ka sha lesin not har ka gaji, za a sa ka koyar da 'yan ajinku malami na zaune yana ba ka maki, sannan a tura ka TP, wato koyarwar gwaji, na tsawon zango ka zauna makaranta ta gaske da yara na gaske masu surutu na gaske.

Inda NCE ke da rauni shi ne zurfin bayolojin kansa. Lokacinka rabe yake uku, darussan koyarwa, bayoloji, da kuma darasi na biyu da anka haɗa maka, don galibi ba a yin bayoloji shi kaɗai, sai an haɗa shi da kemistiri ko jogarafi ko Integrated Science ko wani abu. In ka tashi zaɓe ka ɗauki haɗin bayoloji da kemistiri in dai kanka na ja. Ya fi wuya, kariyoba ta fi yawa can, amma malamin kemistiri tsada gare shi a makarantunmu, kuma ko bayolojin ma da ka zo kan numfashin ƙwayar halitta da yadda ganye ke haɗa abinci da enzayim, kemistiri ne tsagwaronsa, wanda bai da shi haddacewa kawai zai yi ya zo ya juye wa yara.

Sai lissafin shekaru, wanda shi ne yara ba su cika yi ba. In ka gama NCE kana son digiri, za ka sayi fom ɗin DE, wato Direct Entry, a shigar da kai aji biyu na jami'a, ka ƙara shekara 3, jimla 6 ke nan, alhali abokinka da ya shiga B.Sc Ed kai tsaye ya gama a 4. Wannan in ba yajin aiki ke nan, kuma kowa ya tuna na ASUU na 2022 da ya ci wata 8. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, wasu kwalejojin kuma sun daɗe suna yin digiri ƙarƙashin wata jami'a, to wannan ya rage wahalar tafiya nesa amma dai shekarun sai ka ƙirga su. Mai NCE ba ya zuwa bautar ƙasa. A aikin gwamnati lebul 07 yake farawa, mai digiri 08, kuma ba farkon ne matsalar ba, ƙarshen ne, don mai NCE akwai matakin da yake tsayawa sai ya kawo digiri, shi ya sa za ka ga dattawan malamai da furfura suna zaryar karatun hutu.

B.Sc Ed ita ce miƙaƙƙiyar hanya in dai ka tabbata aji kake so. Shekara 4, ka fito da digiri da kuma shaidar koyarwa a takarda guda, ka tafi bautar ƙasa in shekarunka ba su wuce 30 ba, inda alawus ya koma naira 77,000 tun 2025, in anka turo ka Kebbi sansanin Dakingari za ka sha rana. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda anka kafa a 1975, ta daɗe tana yaye malaman kimiyya, da yawan waɗanda sunka koyar da mu can sunka fito. Nan gida akwai jami'ar jiha ta Aliero tun 2006 da ta tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo tun 2013, sai dai ka buɗe littafin JAMB na shekarar ka ga wane kwas ke akwai a wace jami'a kafin ka cika, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a majalisa. Yadda karatun yake, kana rajista a sashen ilimi amma bayolojin a sashen kimiyya kake ɗaukarsa tare da 'yan bayoloji zalla, aji guda malami guda jarrabawa guda, sai dai ba duka kwasa-kwasansu za ka yi ba, za a yanke wasu a cike gurbin da na koyarwa, irin halayyar yara da yadda ake auna fahimta da tsara manhaja. Wahalarsa ita ce kana da iyayen gida biyu, wani lokaci lakca ta yi karo, nan na jiranka can na jiranka kuma babu mai ɗaga maka ƙafa.

Abin da ba a gaya wa yara game da B.Sc Ed shi ne tana rufe wasu ƙofofi. In daga baya ka ce kana son mastas a ilimin dabbobi ko na ƙananan halittu, wasu sassan ba za su karɓe ka kai tsaye ba sai ka yi difloma ta gaba da digiri tukuna, hanyar da ke buɗe maka sosai ita ce mastas a koyar da kimiyya. Ga wanda ke son ya zama firinsifal ko sufeto ko darakta a ma'aikatar ilimi ko ya koma kwalejin ilimi yana lakca, wannan ba asara ba ce ko kaɗan. Ga wanda zuciyarsa ke ɗakin gwaji kuwa, zai yi ta cizon yatsa.

Hanya ta uku ita ce ta mai digirin bayoloji zalla, ko na tsirrai ko dabbobi ko maikurobayoloji ko bayokemistiri, har da mai HND na fasahar ɗakin gwaji. Waɗannan su sunka fi kowa sanin abin, sun taɓa maikiroskof da hannunsu ba a hoto ba, sun yanka ɓera da kwaɗo, sun yi furojet na shekarar ƙarshe. Amma a idon TRCN, hukumar rajistar malamai da anka kafa da dokar 1993, ba malamai ba ne sai sun yi PGDE, wadda kan ɗauki kamar shekara guda, ana yin ta a jami'a ko ta hannun NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa ta Kaduna da ke da cibiyoyi a jihohi, ko a NOUN, jami'ar karatu daga gida. Bayan nan ka zauna jarrabawar TRCN a kwamfuta kamar kowa. A rabon ajinsu mai NCE na rukunin D, mai digirin koyarwa da mai digiri haɗe da PGDE duk suna C, mai mastas B, mai dakta A, ka ga ke nan a ƙarshe hanya ta biyu da ta uku wuri guda suke haɗuwa, sai dai ta uku ta fi da shekara guda da kuɗin makaranta na biyu. Kuma bari in faɗa don ana yaudarar yara da wannan: digirin bayoloji ko maikurobayoloji ba ya ba ka lasisin aikin lab na asibiti, wancan kwas ne daban da hukumarsa daban. Kada ka shiga da tunanin in koyarwa ta ƙi sai ka faɗa asibiti.

To a cikin aji fa, wa ya fi? Nan ne nake son a tsaya, don takarda daban aiki daban. Ɗauki darasin osmosis, wanda kowane ɗan SS1 sai ya gamu da shi. Sabon mai digiri zalla zai shigo ya cika allo da Turanci, ma'ana mai layi uku, yara tamanin su kwafe, ya tambaya kun gane su ce eh, ya fita yana jin ya yi aiki. Wanda ya sha horon koyarwa zai shigo da dankalin Turawa guda biyu, ya fere, ya ƙwaƙule tsakiya kamar ɗan kofi, ɗaya ɗanye ɗaya dafaffe, ya zuba ruwan sukari mai kauri a kowanne ya soka allura daidai inda ruwan ya tsaya, ya ajiye su cikin faranti mai ruwa ya ci gaba da darasi. Kafin a tashi makaranta yara su dawo su ga ruwan ɗanyen ya haye allura na dafaffen na nan inda yake, sai ya tambaye su mi ya sa, ya bar su su yi ta gardama da Hausa, sannan ya ba su kalmomin Turancin da za su rubuta a jarrabawa. Kuɗin wannan bai kai na katin waya ba. Amma kuma in yarinya mai kaifin kai ta ɗaga hannu ta ce Malam to mi ya sa dafawa ta kashe abin, nan ne za ka ga amfanin mai zurfin karatu, shi zai iya bayanin yadda zafi ke lalata fatar ƙwayar halitta, wani mai NCE ɗin sai ya ce za mu zo kansa a gaba.

Haka darasin gadon halitta daga iyaye. Babu abin da ya shafi gidajenmu irin sikila, kuma kusan kowane aji akwai mai ita ko mai ɗan'uwa mai ita. Za ka zana AS da AS a allo ya fito AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya, yara su tafi da cewa in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi ciwon. Ba haka ba ne, kowane ciki da nashi lissafin, ɗaya cikin huɗu ne kowane karo, ana iya haifar uku a jere duk SS. Malamin da bai fahimci wannan da kansa ba zai yaye yara da kuskuren da zai bi su har ɗaurin aure, malamin da ya fahimta amma bai san yadda ake magana gaban yaron da ke fama da ciwon ba zai sa shi kuka. Ga kuma darasin haihuwa a babbar sakandare, a gari irin namu da kunya da iyaye masu sa ido, wannan ba digiri ke koyar da shi ba, sai ka zauna kusa da tsohon malami ko malama ka ga yadda suke bi da shi ba tare da an kawo ƙara ba kuma ba tare da an tsallake shi ba, don WAEC ba ta tsallakewa.

Firaktikal kuwa shi ne inda ake gane malamin bayoloji. Takarda ta uku ce a WAEC, kuma kafin ranar ana turo wa makaranta jerin abubuwan da za a tanada a asirce, daga nan malam ya zama mafarauci, ya bi kasuwa neman karfasa ko tarwaɗa, ya bi bakin rijiya da dare neman kwaɗo, kyankyaso, fara, waken da ƙwaro ya huda, ƙashin wuya da na baya daga wurin mahauta, kuma dole kowane yaro ya samu ya gani da kyau. Mu nan Allah ya hutar da mu, mai koyarwa a Argungu ko Yauri ko Bagudo da kogi a bayan gida bai da uzurin koyar da kifi daga hoton littafi, ga fadama ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ga sauro ga komi. Yara na zubar da maki ne a abubuwan banza, zane ba take, ba a rubuta ninkin girma ba, layin suna an ja da hannu ba rula ko ya gitta wani, an yi inuwa da fensir, an kuskure harafi a sunan sashe. Na taɓa zama wata makaranta da maikiroskof ɗinta ke kulle ofishin shugaba cikin kwali wai kada ya lalace, yara sunka gama SS3 ba su taɓa leƙa shi ba. A irin wannan wuri mai digiri zalla yakan fi ƙarfin halin cewa a fito da shi don ya san yadda ake sarrafa shi, kuma ya iya haɗa ruwan gwajin abinci, aidin na sitaci, Benedict na sukari, Biuret na furotin, ba sai an sayo haɗaɗɗe ba.

Wajen samun aiki, makarantun kuɗi na Birnin Kebbi da Jega da Zuru ba su cika damuwa da wace takarda ba, mai iya kai yara ga kiredit suke nema, kuma za su ɗora maka bayoloji da aikin gona da kemistiri a albashi guda, wanda sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashin naira 75,000 da jiha ta amince da shi a 2024 ba. Gwamnati kuwa takarda take kallo, digiri da shaidar koyarwa da TRCN, kuma nan ne fansho yake, ga dokar tarayya ta 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 na aiki. Gwamnan yanzu Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, to amma ko wa ke mulki ba a ɗaukar aiki kullum, in anka buɗe sai mai takarda a hannu, ba mai cewa zan yi PGDE baɗi ba. Kuma ka sa a ranka fostin na iya kai ka ƙauyen da ba ka zata ba.

Ni dai in ƙanena ne ko ƙanwata, ga yadda zan ce. In kana da kiredit biyar da Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri, makin JAMB ya kai, kuma ka san koyarwa za ka yi, tafi B.Sc Ed kada ka tsaya zagaye, batun kuɗi kuma ka nemi bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da ya fara a 2024, yana biyan kuɗin makaranta har da naira 20,000 na kashewa a wata, kuma 'yan kwalejin ilimi ta gwamnati ma na iya nema. In maki bai kai ba, ko gida ba za a iya ba, ko ke ce anka ce ba za ki yi nisa ba, ki shiga NCE bana maimakon zaman jiran JAMB ta baɗi, a ɗauki bayoloji da kemistiri, a dage a fito da sakamako mai kyau don shi DE ke dubawa, kuma kada a bari shekara goma ta wuce ba a ɗora digiri ba, don da aure da 'ya'ya sun shigo komawa aji sai an yi da gaske. In kuma har yanzu ranka na rawa tsakanin aji da bincike ko wani aikin, yi digirin zalla, amma ka yi PGDE ɗin da wuri, da ka gama bautar ƙasa, tun kana da sauran ƙarfin karatu. Wanda ya riga ya gama digirin zalla yana koyarwa a makarantar kuɗi shekara da shekaru ba PGDE, shi ba ma zaɓi gare shi ba, ya je cibiyar NTI mafi kusa ya tambayi yaushe ake sayar da fom.

Sai a kiyayi cibiyoyin nan da ke buɗewa a shaguna da ajujuwan faramare da yamma suna cewa suna ba da NCE ko digiri da sunan wata makaranta ta nesa. Kafin ka ba kowa ko sisi ka tabbata NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi, ta san da kwalejin, NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta san da kwas ɗin in digiri ne, kuma gurbin karatunka ya fito a shafin JAMB da sunanka ka karɓa da hannunka, in ba haka ba ranar tantance takardu ko ranar neman bautar ƙasa za a ce ba a san da kai ba.